ADMIRAL FISHER: BATUREN DA YA FIFITA GUDU BISA SULKE

Duk wanda zai tsara jirgin ruwa na yaƙi, abubuwa uku ne ke gabansa: manyan igwa na harbi, da sulken ƙarfe na kare jikin jirgi, da injuna na gudu. Kowannensu yana da nauyi ƙwarai, shi kuwa jirgi akwai iyakar abin da zai iya ɗauka. In ka ƙara ɗaya, tilas ka rage ɗaya, don Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Tarihin John Fisher, babban hafsan sojan ruwa na Ingila, tarihi ne na mutumin da ya zaɓi igwa da gudu ya rage sulke, da kuma abin da zaɓin nan ya haifar.

An haifi Fisher ran 25 ga Janairu 1841 a tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Sri Lanka. Ubansa tsohon hafsan soja ne da ya koma noman kofi, amma noman bai karɓe shi ba. Yana ɗan shekara shida aka aika da shi Landan wurin kakansa. A 1854, yana da shekara goma sha uku, ya shiga aikin sojan ruwa, lokacin da yawancin jiragen yaƙi na katako ne, iska ke kora su. Ya halarci yaƙin Kirimiya da na ƙasar Sin tun yana yaro, daga baya ya shahara wajen sanin harbin igwa. A 1882 shi ne kyaftin na jirgin Inflexible sa'ad da Ingilishi suka yi wa birnin Iskandariya na Masar luguden wuta. Daga 1899 zuwa 1902 ya shugabanci rundunar jiragen Ingila ta Bahar Rum.

A watan Oktoba 1904 aka naɗa shi shugaban hafsoshin sojan ruwa duka. Mutum ne mai zafin nama, ba ya son jan jiki, ba ya kuma shakkar ɓata wa manya rai. Ya fid da tsofaffin jirage wajen 150 daga aiki, don a ganinsa cin kuɗi kawai suke yi. Wannan ya jawo masa abokan gaba da yawa, babbansu shi ne Admiral Charles Beresford. A lokacin nan Jamus ta duƙufa ga ƙera jiragen yaƙi, saboda haka Fisher ya kafa kwamitin gwanaye don su tsara sababbin jirage. Abin da ya fara fitowa shi ne Dreadnought a 1906, mai igwa goma masu bakin inci 12, da sulke mai kaurin inci 11, da gudun mil 21 na teku a awa. Fitowarsa ke da wuya sauran manyan jiragen yaƙi na duniya suka zama tsohon yayi.

To, amma jirgin da ya fi kwanta wa Fisher a rai wani ne daban, wanda daga baya aka sa wa irinsa suna batulkuruza. Na farkonsu su ne Invincible da Inflexible da Indomitable, waɗanda suka fara aiki tsakanin 1908 da 1909. Kowanne yana da igwa takwas masu inci 12, yana gudun mil 25 a awa, amma sulkensa inci 6 ne kurum. Dabarar ita ce, duk jirgin da bai kai shi ƙarfi ba zai cim masa ya hallaka shi, wanda ya fi shi ƙarfi kuwa sai ya tsere masa. Ra'ayin Fisher shi ne gudun da kansa ya isa kariya. Jamusawa da suka tashi ƙera nasu, irin su Von der Tann, sai suka bi wata hanya, suka sa igwa masu inci 11, suka ƙara kaurin sulke ya kai kusan inci 10.

Fisher ya sauka a 1910, amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke sai Winston Churchill, wanda shi ne ministan sojan ruwa, ya komo da shi a Oktoba 1914. Ba a daɗe ba jiragen Jamus a ƙarƙashin Admiral von Spee suka nutsar da jiragen Ingila biyu a gaɓar ƙasar Chile. Nan da nan Fisher ya tura Invincible da Inflexible. Ran 8 ga Disamba 1914 suka riski Jamusawa kusa da tsibiran Fokland, suka bi su da gudu, suka yi ta harbinsu daga nesa har suka nutsar da Scharnhorst da Gneisenau. Wannan shi ne ainihin aikin da aka ƙera su dominsa, sun kuwa yi shi yadda ake so.

Nasarar nan ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya sa aka ƙera Renown da Repulse, masu igwa shida masu inci 15 da gudun fiye da mil 30. A 1915 ma ya kawo shawarar wani ƙaton jirgi mai suna Incomparable, mai tsawon kusan ƙafa 1,000, da igwa shida masu inci 20, da gudun mil 35. Wannan dai bai wuce kan takarda ba. A watan Mayu na shekarar Fisher ya yi murabus saboda saɓani da Churchill game da yaƙin mashigin Dardanel na Turkiyya.

Ranar gwaji ta gaskiya ta zo ran 31 ga Mayu 1916, a yaƙin Jutlan cikin Tekun Arewa. A nan batulkuruza suka yi gaba da gaba da jirage masu manyan igwa irin nasu, inda gudu ba ya hana harsashi samun jirgi. Indefatigable da Queen Mary da Invincible duk suka tarwatse, mutum fiye da dubu uku suka hallaka. A cikin Invincible mutum shida kaɗai suka tsira. An daɗe ana ɗora laifin a kan ƙarancin sulke, amma binciken masana na baya ya nuna akwai wani dalili babba. Don son harbi da sauri, ma'aikatan igwa sukan jibge albarushi a hanyoyin da ke zuwa rumbunsa, su bar ƙofofin tare wuta a buɗe. Da harsashi ya fasa ɗakin igwa, sai wuta ta bi ta gangara rumbun, jirgi ya fashe.

Fisher ya rasu a Landan ran 10 ga Yuli 1920, yana da shekara 79. Ya shiga aiki a zamanin jiragen katako, ya bar Ingila da jiragen ƙarfe, ya kuma yi ta matsa wa hukuma lamba a bar kwal a koma ga man fetur.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar aikin injiniya, akwai abin lura a nan. Kowane tsari yana da abin da aka sadaukar don a sami wani. Jirgin Fisher ya ci nasara a Fokland inda aka sa shi aikinsa, ya hallaka a Jutlan inda aka sa shi aikin wani, aka kuma yi sakaci da ƙa'idar tsaro. Saboda haka mai tsarawa ya san abin da ya rage, mai amfani da abin kuma kada ya manta da shi.