Livio Cambi, masanin da ya gano ƙarfe mai hali biyu

An haifi Livio Cambi a birnin Ancona na ƙasar Italiya a shekarar 1885. Ya yi karatun ilimin sinadarai a Jami'ar Bologna a ƙarƙashin Giacomo Ciamician, malamin da ya yi suna wajen jera kwalaben sinadarai a rana domin ganin abin da haske zai yi musu. Daga baya Cambi ya zama farfesa a Milan, ya kuma ba da ƙarfinsa ga masana'antu, musamman tace zinki da wutar lantarki.

Amma abin da ya ɗaukaka sunansa ƙaramin bincike ne. A 1931, shi da abokin aikinsa Szegö sun lura cewa wasu sinadarai masu ɗauke da ƙarfe suna sauya ƙarfin maganaɗisunsu gwargwadon zafi ko sanyi. Dalilin yana ga ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da zarrar ƙarfen: cikin sanyi sukan haɗu bibbiyu, maganaɗisu ya raunana, da zafi ya ƙaru sai su rarrabu, ya ƙarfafa. Ilimin zamanin bai kai ga fayyace wannan ba, sai a shekarun 1960 aka yi masa gamsasshen bayani. Cambi ya rasu a 1968.

Shekara 16 bayan rasuwarsa, a 1984, masu bincike ƙarƙashin Philipp Gütlich a Mainz ta Jamus suka nuna cewa haske ma yana haddasa wannan sauyi, har launin sinadarin ya canja. Awon da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa sauyin kan auku cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. Shi ya sa ake fatan ƙwaya guda ta zama makunni ko ma'ajiyar bayanai a kwamfuta.

Sai dai da sauran rina a kaba. Sinadarin Mainz ba ya riƙe sabon halinsa sai cikin sanyin da ya wuce digiri 220 ƙasa da sifili, alhali na'urar da za ta amfani mutumin Maiduguri dole ta jure zafin Afrilu, mai haura digiri 40. Wannan tazara ce magadan Cambi ke ƙoƙarin cikewa har yau.