Ogustin na Annaba, malamin da ya koma ya gyara littattafansa

Cikin malaman da addinin Kirista ya taɓa yi, kaɗan ne sunansu ya kai na Ogustin. Mutumin Afirka ne. An haife shi ran 13 ga watan Nuwamba na shekarar 354 a Tagast, garin da ake ce ma Suk Aharas a Aljeriya ta yau. A zamanin nan ƙasar tana hannun Rumawa. Uwarsa Monika Kirista ce mai riƙon addini. Ubansa Patrisiyus kuwa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa.

Neman gaskiya

Iyayen sun yi ƙoƙari ya yi lekol a Madora, sa'an nan a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. A can ya koyi fasahar magana, ilmin da ke buɗe ma saurayi ƙofar aikin hukuma. A can kuma ya zauna da wata mace ba tare da aure ba, suka haifi ɗa mai suna Adeyodat.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Siseron, marubucin Rumawa, sai ƙishin hikima ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya raina salon maganarsa, ya ajiye. Daga nan ya shiga addinin Mani, wanda ya taso daga daular Farisa, mai koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne da ke kokawa tun fil azal. Wannan koyarwa ta yi mishi daɗi, don ta amsa tambayar da ke damunsa kan asalin mugunta, ta kuma ɗauke mishi nauyin laifinsa. Ya yi shekara tara cikinta. Da babban malaminsu Fostus ya zo Kartaj, Ogustin ya kai mishi tambayoyinsa, ya iske mutum mai daɗin baki da ƙarancin sani. Tun ran nan zuciyarsa ta fara sanyi.

A shekarar 383 ya ƙetare teku zuwa Roma, a 384 ya samu kujerar koyarwa a Milan. Ya riƙa zuwa sauraron Amburwaz, babban limamin Kiristocin birnin, don ya auna gwanintarsa ta magana. Sannu a hankali ma'anar wa'azin ta shige shi. A 386 ya ajiye aikinsa, a watan Afrilu na 387 Amburwaz ya yi mishi baftisma tare da ɗansa. Monika, wadda ta biyo shi har Italiya, ta rasu cikin wannan shekara a Ostiya. Ya koma Afirka a 388. A 391 jama'ar Hippon, wato Annaba ta yau, suka matsa mishi ya zama limaminsu, bayan ƴan shekaru ya zama babban limamin garin. Daga baya ya rubuta labarin wannan tafiya tasa cikin littafin da aka fi saninsa da shi, inda ya faɗi laifofinsa a gaban Allah da mutane.

Saɓani tsakanin ƴan uwa

Ogustin ya iske Kiristocin Afirka sun rabu biyu. Asalin rabuwar tsanantawar da sarki Diyokilisiyan ya soma a 303, lokacin da waɗansu limamai suka miƙa ma hukuma littattafai masu tsarki don tsoro. Mabiyan Donatus sun ce limamin da ya yi haka ya ɓaci, baftismarsa ba ta da amfani. Ogustin ya ce albarkar baftisma daga Almasihu take, ko da hannun limamin ba shi da tsabta, jama'ar masu bi kuma gona ce mai alkama da ciyawa har ranar girbi.

Da fari ya tsaya kan cewa kada a tilasta ma kowa, a yi ta muhawara har hujja ta yi rinjaye. Amma bayan dokar sarki Honoriyus ta 405, ya canza ra'ayi. Cikin wata wasiƙa ta wajen 408 ya bayyana dalilinsa: ya ga garinsu Tagast, wanda dā na Donatus ne, ya koma ɗaya ɓangaren saboda tsoron doka. A taron Kartaj na 411 manyan limamai fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka yi muhawara gaban wakilin sarki, Marselinus, aka ba ɓangaren Ogustin gaskiya. Tara da ƙwace majami'u suka biyo baya. Ogustin ya roƙi mahukunta kada su kashe kowa, amma ya yarda da tilas ɗin. Bayan ɗaruruwan shekaru, masu tsananta ma mutane don addini a ƙasashen Turai sun kafa hujja da maganarsa. Wannan shi ne tabon da masana tarihi, har da Kiristoci, ke gani ga rayuwarsa.

Bayan da Alarik ya washe Roma a 410, masu bin allolin dā suka ɗora ma Kiristoci laifi. Ogustin ya ba su amsa da littafin Birnin Allah, kashi 22, wanda ya ci mishi shekara goma sha uku. Ya kuma yi jayayya mai tsawo da Pelajiyus, mutumin tsibirin Birtaniya, kan ko ɗan Adam na iya aikata alheri da ƙarfin kansa ba tare da taimakon Allah ba.

Gyaran ƙarshe

A shekarun 426 da 427, yana da shekara saba'in da ƴan kai, ya yi abin da malamai ba su cika yi ba. Ya ɗauko littattafansa 93, ya bi su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da ya rubuta su, yana nuna inda ya yi kuskure. Ya janye yabon da ya yi ma Aflatun da almajiransa, don ya ga ya wuce kima. Ya amsa cewa dā yana tsammani mutum ne ke fara bangaskiya da kansa, daga baya ya gane ita ma kyautar Allah ce. Ya so mai karatu ya ga yadda ya ƙaru cikin rubutu, kada ya bi shi ido rufe. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai maganar tilasta ma mabiyan Donatus ba ta cikin abubuwan da ya janye.

Ya rasu ran 28 ga watan Agusta na 430, yana da shekara 75, lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye Hippon. Cikin ciwon ajalinsa ya sa aka manna mishi zaburori na tuba a bango, yana karantawa yana kuka. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da dukiya. Abin da ya bari shi ne littattafansa, tare da jerin kurakuran da ya gano cikinsu.