Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

'Yan'uwa mata, ko kun san malafar nan ta maza ta taɓa zama alamar malanta a kan mace? Aikin Nana Asma'u ne, 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a Degel cikin 1793, ita da Hassan tagwaye. Ta auri Giɗaɗo, Wazirin Sakkwato.

Da ta ga matan aure na ƙauye ba su da halin barin ɗaki su zo karatu, sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta ɗora musu malafa, ana ce musu jaji. Su kan tako da 'yan mata har gidanta, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fillanci, su koma su koyar a tsakar gida.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato.