Abdurrazaƙ Sanhuri: malamin da ya zaunar da fiƙihu da dokar zamani kan tabarma guda



In kana karatun shari'a a jami'a, ka san yadda abin yake: da safe kundin dokokin Faransa, da almuru Risala gaban malam a zaure, har ka ji kanka ya rabu biyu. To, akwai wanda ya riga mu shiga wannan hali, kuma ya ƙarar da rayuwarsa wajen haɗa biyun. Shi ne Abdurrazaƙ Ahmad Sanhuri, mutumin Masar.

An haife shi a Iskandariya a 1895, mahaifinsa ya rasu yana yaro ƙarami. Ya gama makarantar shari'a ta Alƙahira a 1917, sannan a 1921 aka tura shi Liyon, ƙasar Faransa, wurin shehin malami Eduwar Lamber, gwanin kwatanta dokokin ƙasashe. Can ya rubuta kundin doktora har biyu. Na farko a 1925, kan dokar Ingila. Na biyu a 1926, kan halifanci, shekara biyu bayan Turkiyya ta soke shi. Ka duba fa, matashi a tsakiyar Turai yana bayanin fiƙihu da Faransanci, yana nuna yadda halifanci zai iya komawa ƙungiyar da za ta haɗa ƙasashen Gabas.

Da ya dawo gida sai ya kama koyar da dokar mu'amala a jami'ar Alƙahira. Ya shugabanci makarantar shari'a ta Bagadaza a 1935, shekara ta zagayo aka ba shi tsangayar shari'a ta Alƙahira. Ra'ayinsa shi ne, fiƙihu ilimin doka ne cikakke, mai asali da ƙa'idoji, abin da ya rage a nazarce shi da hanyoyin bincike na zamani, a jera shi da sauran dokoki a ga ƙarfinsa.

Bai tsaya a allo da alli ba. Shi ya jagoranci rubuta kundin dokar mu'amala na Masar, wanda ya fara aiki a Oktoban 1949. Tun a sashen farko an gindaya cewa in alƙali bai samu nassin doka ba, ya koma ga al'ada, in babu, ya koma ga ƙa'idojin shari'ar Musulunci. Wasu suka ce rabon shari'a ya yi kaɗan, kuma har gobe ana wannan muhawara. Amma Siriya da Libiya sun ɗauki kundin kusan yadda yake. A na Iraƙi kuwa, na 1951, ya saƙa shi da fiƙihun Hanafiyya na Majallar Usmaniyya.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya. A 1949 ya zama shugaban Majalisar Daula, kotun da talaka ke kai ƙarar gwamnati. Da soja suka kifar da Sarki Faruku a 1952, Sanhuri ya mara musu baya, har ya taimaka wajen sama wa matakansu hujjar doka. Ashe ramin da aka gina da hannunsa shi zai faɗa. A Maris 1954, ana cikin rikici kan komawa mulkin farar hula, aka turo masu zanga-zanga har cikin ofishinsa, suka yi masa dukan da ya kai shi asibiti. Daga nan aka sauke shi, aka hana shi siyasa.

Wani da ya naɗe hannu. Shi kuwa ya koma ga alƙalami. A waɗannan shekaru ya ci gaba da Al-Wasiɗ, sharhin kundin Masar mai juzu'i 10, ya kuma fitar da Masadirul Haƙƙi mai juzu'i 6, darussansa kan tushen haƙƙi a fiƙihu. Ya je Kuwaiti ma ya taya su tsara dokoki. Ya rasu a Alƙahira a 1971, amma alƙalan ƙasashen Larabawa ba su daina buɗe Al-Wasiɗ ba.

Saboda haka ɗan uwa, kada ka raina ɗaya daga cikin karatunka biyu. Ka riƙe su da kyau, sannan ka lura da wanda kake ara wa iliminka. Allah ya jiƙan Sanhuri, ya yafe masa kurakuransa, amin.