Sa Percy Girouard da Ƙauyen Baro

An haifi Percy Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada a ranar 26 ga Janairu, 1867. Ya yi karatun aikin soja a Kingston, daga bisani ya shiga rundunar injiniyoyi ta sojan Ingila. A ƙasar Sudan ya fara yin suna, inda ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta cikin hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed a shekarar 1897, domin kai wa sojojin Kitchener kayan yaƙi.

A shekarar 1907 aka naɗa shi ya gaji Lugga a mulkin Arewa, hedkwata kuwa tana Zungeru a wancan lokaci. Babban abin da ke gabansa shi ne sada Kano da teku. Aka tsayar da shawara dogo ya taso daga Baro, wani ɗan ƙauyen Nufawa da ke bakin Kogin Kwara, a Ƙaramar Hukumar Agaie ta yanzu, domin jiragen ruwa na iya kawo ƙarafa har nan idan kogi ya cika. Nan da nan ƙauyen ya cika da ma'aikata, aka gina tasha da ɗakunan ajiye kaya.

Ba za mu manta da waɗanda suka riƙe diga da kwando ba. Kakanninmu ne, Nufawa da Gwarawa, waɗanda aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna, da yawansu ba da son ransu suka bar gonakinsu ba.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba. A 1909 aka mayar da shi gwamnan ƙasar da ake kira Kenya a yau, dogo kuwa bai isa Kano ba sai 1911, bayan an shimfiɗa fiye da mil 350. Ya ajiye aiki a 1912 sakamakon rikicin tayar da ƙabilar Masai daga ƙasarsu, ya rasu a Landan a 1932.

Ita ma Baro arzikinta bai daɗe ba. Da aka haɗe layin da na Legas a Minna, aka kuma kammala gadar Jebba, sai gyaɗa da fatu da auduga suka riƙa wucewa Legas kai tsaye, ƙauyen ya koma ga su da noma. A watan Janairu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a can.