Sammy Davis Jr: Mawaƙin da aurensa ya hana shi zuwa bikin rantsar da Kennedy

An haifi Sammy Davis Jr a unguwar Harlem da ke birnin New York a 1925. Tun yana ɗan shekara uku yake rawa a dandali tare da mahaifinsa. Ko hatsarin motar da ya raba shi da idonsa na hagu a 1954 bai tsayar da shi ba.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne aurensa da May Britt, Baturiya 'yar fim daga Sweden, ranar 13 ga Nuwamban 1960. A lokacin, jihohin Amurka da dama sun haramta aure tsakanin baƙar fata da farar fata. Wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa masa, wasu baƙaƙen fata kuma suka ga kamar ya guje su.

Sai da ya ɗage bikin zuwa bayan zaɓe, gudun kada ya jawo wa John Kennedy asarar ƙuri'u, mutumin da ya yi wa kamfe. Duk da haka, da aka zo shagalin rantsarwa, aka cire sunansa.

Sun rabu a 1968, shekara guda bayan Kotun Ƙoli ta soke waɗannan dokoki. Ya rasu a 1990 sakamakon sankarar maƙogwaro.