Malam Aminu Kano: Malamin da ya mai da aji dandalin shawara

Kafin duniya ta san Malam Aminu Kano a fagen siyasa, malamin makaranta ne. An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, sannan a 1942 aka tura shi koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi, wadda ke karɓar ɗalibai daga sassan lardin, har da ƙasar Katagum. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur.

A wancan zamani aji wuri ne na tsoro: malami ya faɗa, ɗalibi ya hardace, bulala na jiran wanda ya kuskure. Malam Aminu ya bi wata hanya dabam. Ya jawo ɗalibansa a jika, ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo suna aiwatarwa. Yaron da ya tsaya a matsayin alƙali ko talakan da aka zalunta yakan fahimci adalci fiye da wanda aka karanta wa ma'anarsa a allo. Wannan shi ne abin da masana zamantakewa ke nufi da cewa ilimi yana ginuwa ne cikin cuɗanya.

Wannan ɗabi'a ta bi shi wajen aji. Yana cikin waɗanda suka raya da'irar tattaunawa ta Bauchi, inda ƙananan ma'aikata suka fara yi wa hukuma tambayoyi a fili. A 1946 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, inda masanin zamantakewa Karl Mannheim ke riƙe da kujerar farfesa. Ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, bayan dawowarsa kuma aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya kuma ajiye alli a 1950 ya rungumi NEPU.

Daga baya ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya na Sadarwa, sannan na Lafiya, a gwamnatin Janar Gowon. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Ga mai riƙe da ofis a Abuja yau, tarihinsa na tuna cewa na ƙasa da aka hana magana ba ya koyon komai, kuma shugabansa ma haka. Allah Ya jiƙansa da rahama.